Yadda Ake Tantance Tsofaffin Kayan Adon da Sarakunan Turai Suka Bai wa Ma'aikatan Reluwe

Tun daga ranar 13 ga Yuni, 1842, lokacin da Sarauniya Victoria ta fara shiga jirgin ƙasa daga Slough zuwa tashar Paddington da ke Landan, tafiyar sarakunan Turai ta koma kan layin dogo, kuma da ita aka samu wani sabon rukuni na mutanen da fada ke yi wa alheri. Shugaban tasha, da direban jirgi, da sufeton layi, da babban jami'in da ke rakiyar taragon sarki, dukansu sun shiga sahun masu karɓar kyauta. Abin da aka fi ba su shi ne fil ɗin lakataye na zinariya, ko maɓallan hannun riga, ko agogon aljihu, ko gwangwanin taba na azurfa, kowanne ɗauke da harafin sunan sarkin da kambi a bisansa. Ana iya kwatanta wannan da tukuicin da basarake ke bai wa wanda ya yi masa hidima ya sauke shi gida lafiya. Irin waɗannan kaya suna yawo yau a gidajen gwanjo da shagunan intanet, na gaske da na jabu a gauraye, kuma wanda yake son saye, ko ya gāji ɗaya yana son sanin abin da ke hannunsa, yana bukatar hanyar da zai bi ya rarrabe.

Abin da ya kamata a riƙe tun farko shi ne, zinariyar da ke jikin fil ɗin lakataye 'yan giram ne kawai, don haka ba ita ce darajarsa ba. Darajar tana ga iya tabbatar da cewa wane sarki ne ya bayar, wa ya karɓa, a wace tafiya, a wace shekara. Shaidu uku ne ke amsa wannan: ƙarfen da hatiman da ke jikinsa, da tambarin sarauta tare da akwatinsa, sai kuma takardun kamfanin jirgi da jaridun lokacin. Idan bakinsu ya zo ɗaya an samu abin da ake nema, idan kuwa ɗaya ya saɓa wa sauran, to labarin da dillali ke bayarwa ya faɗi, komai daɗinsa.

Kafin a ɗauki gilashin ƙara girma, a fara raba kayan gida-gida, domin yawancin asarar da masu saye ke yi a nan take faruwa. Ba duk abin da ke ɗauke da kambi ne ya fito daga hannun sarki ba. A bukukuwan cikar Victoria shekara 50 da 60 a kan gado, wato 1887 da 1897, da kuma naɗin Edward na Bakwai a 1902 da na George na Biyar a 1911, masana'antu sun buga dubban filoli da lambobi na tunawa, ana sayar wa kowa a kasuwa. Akwai kuma agogunan da kamfani ke bai wa ma'aikaci idan ya daɗe a bakin aiki, kamar waɗanda British Railways ta riƙa bayarwa bayan shekara 45, da lambobin zinariya da daraktocin kamfani ke ratayawa a sarƙar agogo domin shiga jirgi kyauta. Duk waɗannan suna da masu nemansu, amma farashinsu daban ne, kuma mai sayarwa da ya kira su kyautar fada ko dai bai sani ba ne ko kuwa yana so ya ci da rashin sanin mai saye.

Sai a juya ga tambarin, wanda shi ne ya fi saurin tona asiri. Victoria tana amfani da VR, kuma bayan an ba ta sarautar Indiya a 1876 aka riƙa ganin VRI, saboda haka abin da ke ɗauke da VRI ba zai zama na tafiyar 1860 ba. Ɗanta, kafin ya hau gado a 1901, sunansa Albert Edward, kyaututtukansa kuwa suna zuwa da AE ko da gashin jimina uku, alamar Yariman Wales. Sai da ya zama sarki ne E da lamba VII suka bayyana. George na Biyar, wanda ya yi mulki daga 1910 zuwa 1936, nasa G ne da R da ƙaramin V a tsakani. Siffar kambin ma tana magana: daga zamanin Edward na Bakwai har zuwa rasuwar George na Shida a 1952 an fi amfani da kambi mai dunƙulallen kai, Elizabeth ta Biyu kuma ta koma ga wanda ke da lotsawa a tsakiyar samansa. Baƙin sarakuna da suka ziyarci Ingila su ma sun bar nasu. W mai ɗauke da kambin Jamus na Wilhelm na Biyu ne. Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne H da lamba II, domin wasu sukan tsaya neman wani sarki mai suna Henry, alhali kuwa harafin N ne a rubutun Rasha, tambarin Nicholas na Biyu ke nan, wanda ya sauka a Leith a watan Satumba na 1896 ya shiga jirgin ƙasa zuwa Ballater domin ganin Victoria a gidanta na Balmoral da ke Scotland.

Wannan ƙa'ida tana da amfani ga wanda aka nuna wa wani abu aka ce daga ziyarar 1925 ya samo asali, lokacin da Yariman Wales ya zo Najeriya ya bi layin dogo daga Ikko zuwa Kano, inda aka yi masa hawan daba. A shekarar nan shi yarima ne, bai zama Edward na Takwas ba sai a 1936. Don haka abin da ke ɗauke da lamba VIII ba na wannan tafiya ba ne, abin da ake sa ran gani shi ne gashin jimina ko harafin E da ƙaramin kambin yarima. Haka kuma idan rubutun da ke jiki ya ambaci Nigerian Railway Corporation, an yi shi daga baya, domin hukumar ba ta samu wannan suna ba sai a 1955.

Bayan tambari sai ƙarfe. A samu gilashin da ke ƙara girma sau goma, a zauna inda hasken rana yake sosai, a duba bayan fil ɗin, da sandarsa, da cikin murfin agogo. Kayan Ingila masu cikakken hatimi suna nuna mai ƙira, da ingancin zinariya, da garin da aka auna, da harafin shekara. Ƙugiyar jirgin ruwa ta Birmingham ce, kan damisa na Landan, dammunan alkama uku da takobi na Chester, ofishin da aka rufe a 1962. Kan sarki ko na sarauniya ƙarami, wanda ke nuna an biya haraji, an daina buga shi a 1890. Wajen ingancin zinariya akwai wata alama mai saukaka aiki ƙwarai: an halatta karat 9 da 12 da 15 a 1854, sannan a 1932 aka soke 12 da 15 aka kawo 14. Ke nan fil mai hatimin Ingila na karat 15 ya faɗa tsakanin waɗannan shekaru biyu, kuma mai hatimin Ingila na karat 14 ba zai zama kyautar Victoria ko ta Edward na Bakwai ba. Game da harafin shekara a yi hattara da abu biyu. Kowane gari yana da nasa jerin haruffa, ba a karanta na Birmingham da jadawalin Landan. Sannan kafin 1975 ana canza harafin ne a tsakiyar shekara, don haka harafi ɗaya yana ratsa shekaru biyu. Idan hatimi ya riga ranar kyauta da shekara ɗaya ko biyu babu laifi, domin fada takan sayi irin waɗannan kaya da yawa ta ajiye. Laifin shi ne hatimi ya zo bayan ranar da aka ce an bayar.

Rashin hatimi kuma ba hujjar jabu ba ce. Ƙananan kaya masu duwatsu sau da yawa ba a kai su ofishin awo, sai dai a ga an buga 15ct ko 18ct kawai, wani lokaci ma babu komai. A irin wannan hali aikin hannu ne ke ba da shaida: sandar fil ta da tana da murɗe a tsakiya domin kada ta zame daga yadi, daiman ɗinta yankan da ne, mai ɗan tudu da fuskoki marasa daidaito, shafin gilas mai launi da aka gasa a kan zinariyar kuma, ja ko shuɗi, yana da zurfi, ana hango zanen layuka a ƙarƙashinsa idan an karkata shi ga haske. Sabon shafi na roba yana da laushi, ƙyallinsa kuma dushe-dushe ne. A duba bayan tambarin ko akwai tabon liƙi, domin an mayar da filoli da yawa zobe ko abin wuya, an kuma ciro tambari daga wani abu an manna a kan wani, kuma kowanne daga cikin biyun yana rage daraja sosai.

Kayan Rasha suna da nasu lissafi, kuma su ne suka fi tsada, su ne kuma aka fi kwaikwaya. Lamba 56 tana nufin zinariya mai kusan karat 14, 72 tana nufin karat 18, sai 84 da 88 na azurfa. Hatimin kan mace mai sanye da dogon adon kai ya fara aiki a 1899 yana duban hagu, daga 1908 kuma ya juya dama, tare da ƙaramin harafin Girka da ke nuna gari. A kayan Fabergé, gidan maƙeran kayan ado na fadar Rasha, ana samun haruffan shugaban maƙera: Mikhail Perkhin ya rasu a 1903, Henrik Wigström ya gaje shi. Saboda haka ganin haruffan Perkhin kusa da hatimin da ke duban dama ya isa a mayar wa mai kaya da kayansa. Alaƙar fadar Rasha da layin dogo mai ƙarfi ce. Nicholas yana ɗan sarki ya buɗe aikin layin Saberiya a Vladivostok a 1891, kuma a 1900 ya bai wa matarsa Alexandra ƙwan Fabergé mai ɗauke da taswirar layin a kan ɗamarar azurfa, a cikinsa da ɗan jirgi na zinariya da farin ƙarfen filatinom, kai ɗaya da tarago biyar, ana murɗa masa mabuɗi ya yi tafiya. Wannan ƙwai yana gidan tarihi na Kremlin a Mosko, ba ya kasuwa. Abin da mai saye zai iya cin karo da shi shi ne agogon aljihu mai gaggafa mai kai biyu, irin na gidan Pavel Buhre, ko ƙananan lambobin zinariya da kamfanonin jirgi ke yi wa injiniyoyi da manyan jami'ai idan an buɗe sabon layi, yawanci da sunan mai shi a baya. Wajen gwada kwanan wata a tuna cewa kalandar Rasha tana baya da kwana 12 a ƙarni na 19, da kwana 13 daga 1900 har zuwa 1918. Hatsarin jirgin Alexander na Uku a Borki, alal misali, ya faru ranar 17 ga Oktoba, 1888 a lissafinsu, wato 29 ga wata a lissafin sauran Turai, kuma wanda bai san haka ba zai iya ƙaryata abu na gaskiya.

A Daular Usmaniyya ma an yi makamancin wannan, inda Sarkin Musulmi Abdulhamid na Biyu ya sa aka buga lambar layin Hijaz, wanda aka fara a 1900 daga Dimashƙa ya isa Madina a 1908, ana bai wa waɗanda suka ba da gudummawa. Lamba ce ta yabo, ba kayan ado ba, kuma an raba ta da yawa.

Akwati ba abin yarwa ba ne, sau da yawa ma ya fi abin da ke cikinsa ba da labari. Na fadar Ingila yawanci na fata ne, ja ko shuɗi, da tambarin sarki na ruwan zinariya a kan murfi, a cikin murfin kuma an buga sunan shago da adireshinsa a kan siliki, kamar Garrard, wanda ya zama maƙerin fada a 1843, ko Collingwood, ko Carrington. A sa fil ɗin a gurbinsa a gani: idan akwatin nasa ne zai zauna daram, kuma za a ga shacinsa a kan karan-miski inda ya kwanta shekara da shekaru. Idan yana lilo, ko shacin na wani abu ne daban, an haɗa su ne daga baya, kuma ana sayar da tsofaffin akwatuna su kaɗai domin wannan aiki.

Rubutun da aka sassaƙa a jiki shi ne inda tarihin reluwe ke shigowa da ƙarfinsa. Sassaƙar hannu tana da kauri da siranta a cikin harafi ɗaya, bakinta ya ɗan goge, cikinta ya yi duhu daidai da sauran jikin. Ta inji ko ta hasken leza zurfinta ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Amma abin da ya fi wannan shi ne gwada sunan kamfani da shekara. A ranar 1 ga Janairu, 1923 aka haɗe kamfanonin Birtaniya fiye da ɗari suka zama manya huɗu, wato GWR da LMS da LNER da Southern, sannan a farkon 1948 gwamnati ta karɓe su. Rubutun da ya haɗa LMS da 1908, ko London and North Western, ɗaya daga cikin kamfanonin da aka haɗe, da 1930, ƙarya ne a fili. A kuma gwada kamfani da hanya. A wancan zamani, cikin tafiye-tafiyen zuwa gidajen sarki, ta Sandringham tana ƙarewa ne a tashar Wolferton, a kan layin Great Eastern, ta Windsor kuma ana yin ta da Great Western ko London and South Western, ta Balmoral kuwa tana ratsa layukan kamfanoni da dama kafin ta tsaya a Ballater, tashar da aka buɗe a 1866. Kada a rikita Wolferton da Wolverton, inda aka ƙera taragon Victoria a 1869, wanda yanzu yake gidan tarihin reluwe na York. Harafi ɗaya ne ya raba su, masu rubuta tallan gwanjo kuma sukan yi kuskuren.

Abin da ya sa wannan fanni ya fi sauran kayan fada daɗin bincike shi ne, kamfanonin jirgi ba sa barin komai ba a rubuce ba, balle tafiyar sarki. Victoria ba ta son a wuce mil 40 a sa'a, ana tura wani kan jirgi shi kaɗai a gaba da kimanin minti goma sha biyar domin ya tabbatar da lafiyar hanya, ana jera ma'aikata a gefen layi, ana kuma buga takardar umarni mai nuna lokacin wucewa ta kowace tasha. Irin wannan tsari ya bar sunaye a baya. Idan an ce wane ne ya karɓi kyautar, a nemi sunansa a rajistar ma'aikata da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasar Birtaniya a Kew, ƙarƙashin rukunin RAIL, a ga ko yana wannan tasha a wannan shekara da wannan muƙami. Daga nan a bi jaridun garin a cikin makon tafiyar da makonni biyu bayanta, domin shugaban tasha ya samu fil daga sarki labari ne babba a ƙaramin gari, kuma akan sake ambatonsa ranar da mutumin ya yi ritaya ko ya rasu, wani lokaci har da bayanin launi da duwatsun da ke jiki. Wannan bayanin shi ne za a aza kusa da abin da ke hannu. Idan jarida ta ce lu'ulu'u da yaƙutu, fil ɗin kuma shafin gilas ne zalla, to mutumin ya samu kyauta, amma ba wannan ba. Wasiƙar da sakataren fada ko dogarin sarki ya rubuto tare da kyautar ta fi kowace shaida ƙarfi, muddin takardar da tambarinta da kwanan watanta sun dace. A ganina, fil mara ado da ke da wasiƙarsa da yankin jaridarsa ya fi mai daiman goma da ba a san salsalarsa ba, ko da yake kasuwa ba kullum take yarda da haka ba.

Idan bincike ya tsaya a rabi, a kira abin da sunan da shaida ta ba shi. Wanda hatiminsa da tambarinsa da akwatinsa suka dace amma ba a san mai karɓa ba, kyautar fada ce, sai dai ba a isa a jingina ta ga reluwe ba, kuma bai kamata a biya kuɗin wannan jinginawa ba don kawai iyali sun ce kakansu ya yi aikin jirgi.

Wajen ajiya, abin da aka bari ya fi abin da aka yi muhimmanci. Kada a kai wa maƙerin farfaru ya goga a dutse ya ɗiga ruwan gwaji, ko ya wanke ya fito da shi fes kamar sabo, domin gugar tana cinye hatimi da bakin rubutu, zafin wuta kuma yana fasa shafin gilas. Idan ana son sanin ingancin zinariya akwai na'urar da ke aunawa da haske ba tare da ta taɓa jikin ba. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa share ƙura. Agogon da ya daɗe a ajiye kada a murɗa shi don ya tashi sai mai gyaran tsofaffin agogo ya buɗe ya sa masa mai, kuma a gargaɗe shi kada ya canza fuska ko hannaye. Fatar akwati tana yin fumfuna da damina, tana tsagewa da hunturu, saboda haka a sa shi cikin wani mazubi mai murfi tare da ƙullin nan mai shanye laima, nesa da rana da turare. Takardu kuwa a ɗauki hotonsu, a ajiye na asali a shimfiɗe cikin farar takarda, kada a manna musu salatif ko a rufe su da leda mai zafi.

Mai niyyar sayarwa ya haɗa fil da akwati da wasiƙa da hotunan hatimai wuri ɗaya, ya aika wa gidajen gwanjo biyu ko uku masu sashen kayan ado ko na kayan reluwe, ya nemi ƙiyasi a rubuce tare da bayanin kason da za su cire. Ya kuma binciki dokar fitar da kayan tarihi kafin ya tura komai ƙetare: Birtaniya tana neman lasisi ga wasu kayan da suka haura shekara 50 idan darajarsu ta kai wani mataki, Rasha tana da tsauri ƙwarai kan tsofaffin kayanta, a Najeriya kuma Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ce ke ba da izini. Idan akwai hauren giwa ko ƙoƙon kunkuru a jikin akwatin ko abin da ke ciki, wannan yana da tasa takardar daban, kuma ba tare da ita ba kwastan na iya riƙe kayan gaba ɗaya.